Cika ko mara?

Wata malamar firamare daga Gusau ta rubuto: "Malam, me Bahaushe ke kiran lambar da ke rabuwa biyu cif, da wadda ke barin ɗaya? Kuma me ya sa in an ninka lambobi biyu masu bin juna, amsar kullum sai ta rabu biyu?"

Malama, cika da mara. Abin da ke ba ni takaici shi ne malamai su tsaya gaban allo suna ta ƙaƙale da Turanci, alhali yaran da ke zaune sun san kalmomin tun daga dandali. Da muna yara, sai mutum ya dumtsi gyaɗa ya miƙo hannu a dunƙule ya ce, "Cika ko mara?" In ka canka, a zube a ƙasa a ware bibbiyu. In kowace ta sami abokiya, cika ce. In ɗaya ta yi saura ita kaɗai, mara ce. Na sha asarar gyaɗata a haka. Kuma don Allah kada a haɗa ta da marar kwasar tuwo ko marar da ke ƙasan cibiya, kowace zaman kanta take.

To, lambobi a jere karɓa-karɓa suke yi: mara, cika, mara, cika. Duk biyun da kika ɗauko maƙwabta, dole ɗaya cika ce. Ɗauki 7 sau 8. Ki kasa gyaɗa bakwai-bakwai har kashi takwas, ki tura kashi huɗu dama, huɗu hagu. Kowane ɓangare 28, jimla 56, ba saura. Mara ba ta fitowa sai in mara ta ninka mara, kamar 3 sau 5, wato 15, su kuwa ba sa zama kusa da juna a jere. In lambobin uku ne ma, irin 4, 5, 6, amsar har shida take rabuwa: 120.

Wani daga Maraɗi yana tambaya, "sau" ne daidai ko "ninkawa"? Duka. Aikin ninkawa ne, a baki kuwa "uku sau huɗu" ake cewa.

Wani ɗalibi kuma: "ashirin biyu babu" da "ya yi biyu babu" abu ɗaya ne? Haba ɗana. Na farko 18 ne a ƙirgan tsofaffi, ashirin da aka cire wa biyu. Na biyu kuwa mai kwaɗayi ne, ya saki na hannu, na gaba ma ya kuɓuce masa.