Kamfanin inshora ya ce Fijona ba ta gyaruwa: in karɓi kuɗin ko in aika da ita Kaduna?

Wani ɗan'uwa ɗan asalin Kaduna, mazaunin Birmingham a ƙasar Ingila, ya aiko da doguwar wasiƙa a kan motarsa, Peugeot 504 ƙirar 1979 mai sitiyari a dama, wadda ya saya shekara shida da suka wuce saboda irinta mahaifinsa ya riƙe har ya rasu. Ya ce ya kashe mata abin da ya kai fam 7,000 a kan fenti da kujeru da gyaran inji, kuma ba ya fita da ita sai ranar hutu. A watan jiya wata mota ta shigo shataletale ba tare da ta tsaya ba, ta doke gaban tasa ta ɓangaren hagu, bamba da fitila da lagireto suka lalace, bonet ya lanƙwashe. Kamfanin inshorarsa ya ce gyara zai ci fam 6,400, motar kuwa darajarta fam 3,500 ce, don haka sun ce ta tashi daga aiki, sun sanya ta a rukunin S na motocin hatsari, suna so ya aika musu da takardar mallaka su biya shi. Tambayarsa ita ce: ya karɓi kuɗin ya haƙura, ko kuwa ya karɓo motar ya sa ta a kwantena ya aika wa ƙanensa a Kaduna, inda ya san masu gyaran Panteka za su tayar da ita?

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Mun gode Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe, Allah ya kiyaye gaba.

Hukuncin da aka yanke a kan motarka lissafin kuɗi ne, kuma ana iya ja da shi. Idan kamfanin inshora ya ce mota ta tashi daga aiki, abin da yake nufi a mafi yawan lokuta shi ne biyanka kuɗinta ya fi masa sauƙi a kan gyara ta, kuma kamfanoni da yawa ba sa ma jiran kuɗin gyara ya kai darajar motar kafin su yanke haka. Lissafin ya tsaya ne a kan adadi biyu, wato nawa motar take kafin hatsari da kuma nawa gyaran zai ci. A kan mota mai shekara huɗu ko biyar da wuya a yi kuskure, domin irinta sun cika kasuwa. A kan 504 mai shekara sama da arba'in kuwa, dukkan adadin biyu suna iya zama kuskure, kuma a ganina naka duka biyun suna bukatar a sake duba su.

Kafin komai, kada ka aika da takardar V5C, wato takardar mallakar motar, kuma kada ka amsa a waya cewa ka yarda da tayin. Ka rubuta musu imel yau, ka faɗa a sarari cewa ba ka amince da ƙimar ba, ba ka amince da rukunin ba, kana son riƙe motarka, kuma ba ka ba da izinin a sayar da ita ko a kai ta wurin masu farfasa motoci ba. Motar taka ce har sai ka karɓi biyan ƙarshe. Ka tambayi inda take a yanzu, domin wuraren ajiye motocin hatsari suna cajin kuɗi a kan kowace rana, ga shi tsohuwar mota da aka bari a fili cikin ruwan saman Ingila, gabanta a buɗe, tsatsa ba ta jira a gama musayar wasiƙu. Idan kana da gareji ko wani amintaccen makanike, ka nemi a dawo da ita can, ka ɗauki hotunan ko'ina, har da ƙarƙashinta.

Daga nan sai batun ƙima, inda mafi yawan kuɗin yake. Ka ɗauko takardun inshorarka ka karanta shafin da aka jera sharuɗɗan motar. Inshorar tsofaffin motoci a Birtaniya iri biyu ce. Akwai wadda aka amince da ƙimar motar tun ranar ƙulla yarjejeniya, bayan an aika da hotuna da takardar mai kimantawa, kuma idan haka taka take, adadin da ke rubuce shi za su biya, a cire kason da yarjejeniyar ta ce kai za ka biya daga aljihunka. Akwai kuma wadda ake biyan darajar kasuwa ta ranar hatsari. Tayin fam 3,500 yana nuna mini cewa ko dai ta biyun kake da ita, ko kuwa kana da ta farkon amma wa'adin takardar ƙimar ya ƙare ba ka sabunta ba, abin da yake samun mutane da yawa saboda suna zaton sabunta inshora kowace shekara ya wadatar.

Idan darajar kasuwa ce, to aikin kawo hujja ya koma kanka. Littattafan farashi da kamfanoni suke dogara da su an gina su ne a kan motocin da ake saye da sayarwa kullum, ba su cika gane bambancin 504 da ta ruɓe a bayan gida da wadda aka kula da ita kamar taka ba. Ka tara tallace-tallacen irin motarka, masu sitiyari a dama, masu kusan shekarunta da yanayinta, ka adana hoton kowane shafi da kwanan watansa. Sakamakon gwanjon tsofaffin motoci ya fi talla ƙarfi, domin talla abin da mai kaya yake fata ne, gwanjo kuwa abin da aka biya ne. Ka tuntuɓi ƙungiyar masu riƙe da motocin Peugeot ta Birtaniya, domin irin waɗannan ƙungiyoyi sun san farashi kuma sun san masu kimantawa. Ka haɗa da rasit ɗin ayyukan da ka yi da hotunan motar kafin hatsari. Idan tazarar tana da yawa, biyan injiniya mai zaman kansa ya rubuta rahoto kuɗi ne da aka kashe a muhallinsa. Sai dai in faɗa maka gaskiya tun yanzu: fam 7,000 da ka kashe ba ya nufin darajarta ta ƙaru da fam 7,000, kuma tunawa da mahaifinka, duk da nauyinta a zuciyarka, ba ta da gurbi a takardar mai kimantawa. Rasit yana tabbatar da yanayin mota ne, yanayin kuma shi yake ɗaga farashi.

A kan rasit ɗin nan ina da jan kunne. Kada ka yarda wani makanike, ko da ɗan gida ne mai son taimaka maka, ya rubuta maka adadin da ya fi abin da ka biya. A ƙarƙashin dokar inshora ta 2015, ƙarya a cikin neman diyya tana ba kamfani damar ƙin biyan komai, har da ɓangaren da yake gaskiya, da kuma soke yarjejeniyar. Idan abin ya kai ga hukuncin zamba, zai bi ka har ranar da za ka nemi takardar zama ɗan ƙasa, inda ake duba kyawun hali.

Rukunan da ake sanya motocin hatsari huɗu ne tun daga Oktoban 2017. A da B ba sa komawa kan titi, na farko a murƙushe shi gaba ɗaya, na biyu a cire kayan da ke da amfani a murƙushe bodin. S yana nufin ɓarnar ta taɓa ƙashin motar amma tana gyaruwa, N kuma ɓarnar ba ta taɓa shi ba. Ita 504 irin taka bodinta da shasinta a haɗe suke, saboda haka abin tambaya shi ne ko dukan ya kai ga ƙarafan da suke riƙe da inji da ƙafar gaba, ko ya tsaya a kan farantan waje da ake kwancewa da sifana. Ka nemi kwafin rahoton injiniyansu, ka kuma tambaya ko ya ga motar da idonsa ko daga hotuna ya yi hukunci. Wannan bambanci yana da tsada, domin harafin S yana shiga takardar mallaka, duk mai saye a gaba zai gan shi. Akwai kuma abin da masu motoci da yawa ba su sani ba: ƙa'idar da kamfanonin inshora suke bi wajen rarraba rukunan nan ta yarda cewa ana iya gyara motocin tarihi komai girman ɓarnar, muddin babu haɗari a gyaran, ba tare da an sanya su a wani rukuni ba. Wannan dama ce da aka bar wa kamfani, ba tilas ba ce a kansa, amma ka ambata ta a wasiƙarka, ka nemi su ba ka dalili a rubuce idan sun ƙi.

Adadin fam 6,400 ma abin dubawa ne. Garejin da ke aiki da kamfanin inshora ya saba da sababbin motoci, inda ake cire abin da ya lalace a ɗaura sabo, kuma idan sabon ba ya samuwa sai farashi ya yi sama. Ka samo ƙiyasi daga mai gyaran bodin tsofaffin motoci, wanda ya iya buga faranti ya miƙe kuma ya san inda ake samun kayan gyara na hannu. Idan ƙimar motar ta hau, kuɗin gyara ya sauko, hukuncin yana iya juyawa, ko kuma su ba ka kuɗi a hannu ka yi gyaran da kanka.

Idan sun kafe, ka shigar da ƙorafi a hukumance. Suna da mako takwas su ba ka amsar ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta irin waɗannan rigingimu kyauta. Kana iya neman su biya ka abin da suka yi tayi a matsayin somin biya alhali ana ci gaba da jayayya, amma ka tabbata an rubuta cewa karɓar ba ta rufe maganar ba.

Tunda a bayaninka laifin na ɗayan direban ne, akwai hanya ta biyu, wato neman diyya kai tsaye daga kamfanin inshorarsa, inda babu kason da za a cire maka. Sai dai hukumar sasancin ba ta shiga tsakaninka da kamfanin da ba kai ne mai hulɗa da shi ba, don haka idan an saɓa sai kotu, kuma ƙaramar kotun da'awa a Ingila tana sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Kotunan ƙasar sun taɓa duba irin matsalarka. A 1962 an ba mai wata tsohuwar mota ƙirar MG, da ya daɗe yana kula da ita, kuɗin gyaran da ya zarce darajar kasuwa, saboda ba a samun madadinta cikin sauƙi. A 1963 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta hana mai wata mota ƙirar Lea-Francis irin wannan diyya, saboda yana iya sayen makamanciyarta. Ƙarfin hujjarka ke nan yana ga nuna cewa 504 mai sitiyari a dama, mai irin lafiyar taka, ba a samunta a kan kuɗin da suka ambata. Ka duba ko inshorarka ta haɗa da kuɗin lauya.

Batun Kaduna na fahimci inda ya fito. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a masana'antar Kakuri da ke Kaduna, an kuma ci gaba da yin 504 a can shekaru da yawa bayan an daina irin taka a Faransa, kuma babu shakka akwai hannuwa a Panteka da suka san motar nan fiye da yawancin garejin Birmingham. Duk da haka ban ba ka shawarar aika ta ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kuma dokokin hanya sun hana mota mai sitiyari a dama, ga shi kwastan sun ƙayyade shekarun motar hannu da za a shigo da ita, taka kuwa ta zarce iyakar nesa ba kusa ba. Za ka biya kwantena, ka ɗora wa ƙanenka zirga-zirgar tashar jirgin ruwa ta Legas, a ƙarshe ko motar ta maƙale a can, ko a juya mata sitiyari ta rasa abin da ya sa take da daraja. Idan kuma niyyarka a gyara a dawo da ita, kuɗin jigila sau biyu zai cinye ribar.

Abin da ya fi shi ne kayan su zo wurin motar. Ƙanenka yana iya nemo maka bonet da bamba da farantin gefe da lagireto, a aiko su ta kago, ka biya harajin shigowa idan ya hau kansu. Ka tura masa hotuna da awon kayan motarka, shi ma ya turo maka nasa kafin ya biya, domin an yi ta sauya ƙananan abubuwa tsakanin ƙirar Faransa ta 1979 da ta Kaduna ta baya-bayan nan. Fitilun gaba kam ka neme su a nan Birtaniya, saboda na gida an yi su ne don tuƙin hannun dama, haskensu zai karkata cikin idon masu tahowa.

Idan an ƙare a kan rukunin S kuma ka riƙe motar, za su cire kuɗin ragowarta daga abin da za su biya ka, wanda shi ma ana cinikinsa. A lokacin ne za ka miƙa musu V5C, ka cika fom V62 zuwa hukumar rajistar motoci ta DVLA a ba ka sabuwa kyauta. Idan N ce, takardarka tana nan a hannunka. Muddin tana ajiye babu inshora, ka sanar da DVLA ta hanyar SORN cewa ba ta kan titi. Ko da yake shekarunta sun 'yanta ta daga MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ka kai ta a gwada bayan gyara, a kuma auna daidaiton ƙafafunta, tunda iyalinka za ka ɗauka a ciki. Ranar da za ka sake yi mata inshora, ka faɗi hatsarin da rukunin yadda suke, ka nemi wadda ake amincewa da ƙima tun farko, mai sharaɗin cewa ragowar mota tana komawa ga mai ita, sannan ka rubuta ranar ƙarewar takardar ƙimar a wurin da kake ajiye fasfo da takardar izinin zama.