Amsa Kan Biro da Takarda da Jan Wutar Hunturu

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan aji biyu na babbar sakandare, na ga tambayarka tun jiya, amma na bari sai da na sami natsuwa, domin tambayoyi uku ne ka ɗaure wuri guda. Ka ce idan ka goga biro a gashin kanka yakan ɗauki guntayen takarda alhali ba ka goga takardar da komai ba, ka ce abin yakan yi a watan Janairu amma ya ƙi a watan Agusta, sannan ka ce ƙofar mota takan ja ka da hunturu, kana son sanin ko wannan wutar ɗaya ce da ta soket. Na yi fiye da shekara 15 ina koyar da fiziks, kuma abin da na lura shi ne yawancin ɗaliban da wannan babi yake kayarwa ba lissafi ne yake kayar da su ba, tun farko ne suke ɗauka cewa goga abu yana ƙirƙirar caji. Ba ya ƙirƙirar komai. Cajin yana nan tun asali a cikin biron da cikin gashin, gugar kawai ta sa wani ɓangare nasa ya yi ƙaura.

Kowane abu da kake gani an gina shi da atom, kowane atom kuma yana da cibiya mai ɗauke da furoton masu cajin fositif, da ilektaron masu cajin nagatif da ke kewaye da ita. Cajin furoton ɗaya daidai yake da na ilektaron ɗaya a girma, wato kulom 1.6 × 10⁻¹⁹ (kulom shi ne ma'aunin caji), bambancinsu a alama ne kawai. Saboda haka abin da muke cewa ba shi da caji, a gaskiya cike yake da caji, sai dai fositif da nagatif ɗinsa sun yi kunnen doki. Furoton yana ɗaure a cibiya, kuma ya fi ilektaron nauyi kusan sau 1,836, don haka a cikin daskararren abu kamar roba ko gilashi ba ya zuwa ko'ina. Ilektaron ɗin da ke gefe ne yake iya tsallakewa. Idan ka goga biron roba a gashi, ilektaron suna barin gashin su koma kan robar, sai biro ya zama nagatif saboda ya sami ƙari, gashi kuma ya zama fositif saboda ya yi asara, kuma abin da ɗaya ya samu daidai yake da abin da ɗayan ya rasa. Wannan shi ne dokar adana caji da za ka gani a littafinka. Duk ɗalibin da ya rubuta mini cewa sandar gilashi ta zama fositif bayan an goge ta da siliki "saboda ta karɓi furoton", nakan ja masa jan biro, na tambaye shi abu ɗaya: ina ilektaron suka tafi? Sun tafi kan silikin. Ka riƙe wannan tambayar, domin da ita za ka warware kusan duk abin da WAEC ko NECO ko JAMB za su kawo a wannan babi.

Sunayen fositif da nagatif ɗin ma zaɓi ne na mutum, ba wani abu ne da ke rubuce a jikin cajin ba. Girkawan dā sun san cewa wani daskararren ƙaron itace, wanda suke kira elektron, yakan ja ƙananan abubuwa idan an goge shi, daga nan kalmar ilektaron ta samo asali, kuma likitan Ingila William Gilbert ya yi rubutu mai tsari a kai a shekarar 1600. A 1733 Bafaranshe Charles du Fay ya gano cewa cajin iri biyu ne, na gilashi da na ƙaro. Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa wa na gilashi fositif, na ƙaro kuma nagatif, tun ba a san da ilektaron ba, domin sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi. Da aka gano shi sai ya faɗo a ɓangaren nagatif, shi ya sa har yau muke zana kibiyar wuta a waya tana tafiya daga fositif zuwa nagatif alhali ilektaron suna tafiya akasin haka. Idan wannan ya taɓa rikita ka, ba laifinka ba ne.

Yanzu batun takarda, wanda shi ne mafi daɗi a tambayar taka. Gaskiya ne takardar ba ta da rarar caji, amma tana da fositif da nagatif a cikinta. Idan biro mai nagatif ya matso, sai ya ɗan tura ilektaron na kowace ƙwayar takardar baya, ta yadda gefen da ke fuskantar biron zai ɗan zama fositif, gefen da ke nesa kuma ya ɗan zama nagatif. Biron yana jan gefen kusa, yana tura gefen nesa, amma ƙarfin biyun ba daidai ba ne, saboda ƙarfin lantarki yana raguwa da sauri idan tazara ta ƙaru. Ja ya rinjayi turawa, takarda ta tashi. Da za ka kawo sanda mai fositif, ilektaron ɗin za su matso ne maimakon su ja baya, kuma takardar za ta sake tashi. Daga nan ne ƙa'idar da masu jarrabawa ke ƙauna ta fito, cewa ja ba ya tabbatar da abu yana da caji, turawa ce kaɗai tabbatacciyar shaida, domin abu mai caji yana jan mai kishiyar cajinsa, yana kuma jan wanda ba shi da caji sam, amma ba ya tura kowa sai mai irin cajinsa. Ka zuba ido sosai wata rana, za ka ga wasu guntayen sun manne na ɗan lokaci sannan sun yi tsalle sun faɗi. Waɗannan sun ɗebi ilektaron daga biron ne, suka zama nagatif irinsa, shi kuma ya kore su.

Wanda ya auna wannan ƙarfi shi ne Charles-Augustin de Coulomb a 1785, kuma dokarsa ita ce F = kq₁q₂/r², inda F yake ƙarfin a ma'aunin niyuton, q₁ da q₂ suke cajin biyu a kulom, r yake tazarar da ke tsakaninsu a mita, k kuma adadi ne tsayayye kusan 9 × 10⁹. Ka ɗauki caji biyu, ɗaya maikrokulom 2, ɗaya maikrokulom 3, a tazarar mita 0.3. Idan ka mai da maikro zuwa 10⁻⁶ kafin ka fara, za ka sami niyuton 0.6. Ka ninka tazarar ta zama mita 0.6, ƙarfin ba zai koma rabi ba, zai koma kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato niyuton 0.15. Kurakuran da nake gani a takardun ɗalibai kullum biyu ne, ko dai a bar santimita ba a mai da ita mita ba, ko kuma a manta a ninka tazarar da kanta. Ka kuma sani cewa kulom ɗaya caji ne mai girman gaske, domin ya ƙunshi ilektaron kusan 6.25 × 10¹⁸, kuma da za a ajiye kulom ɗaya da wani kulom ɗaya a tazarar mita guda, za su tura juna da ƙarfin niyuton biliyan 9, kwatankwacin nauyin tan 900,000. Abin da ke kan biron naka bai kai ko maikrokulom ɗaya ba.

Game da Janairu da Agusta kuwa, ni ma damina ta taɓa kunyata ni. Lokacin da nake sanin makamar koyarwa a wata makaranta, malamin da ke duba ni ya zo aji ranar da aka kwana ana ruwa. Na fito da sandar roba da ƙyalle da na'urar gane caji, wato kwalbar nan mai siraran ganyen zinariya a ciki, na goga, na goga, har hannuna ya gaji, ganyen ya ɗan motsa ya koma ya kwanta, yara kuwa suka fara murmushi. Bayan darasi shi malamin ne ya ce da ni in riƙa shanya sandar da ƙyallen a rana ko in ɗumama su kusa da fitila kafin in shiga aji. Dalilin shi ne idan iska tana da laima, wani siririn danshi da ido ba ya gani yakan lulluɓe jikin abubuwa, kuma wannan danshin yana ba lantarki hanya, don haka ilektaron ɗin da ka tara suna zirarewa ta kansa zuwa hannunka, daga nan zuwa ƙasa, kafin ka kai sandar inda kake so. Da hunturu kuwa, iskar da ke kaɗowa daga Sahara bushasshiya ce, laimar iska a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka cajin ba shi da hanyar gudu, sai ya taru ya zauna. Shi ya sa a lokacin ne bargo yake ƙara da tartsatsi idan ka yaye shi cikin duhu, hijabin roba yake manne wa jiki, leda take bin yatsa. Ni dai tun daga wancan lokaci nakan dawo da gwaje-gwajen wannan babi cikin Disamba ko Janairu ko da mun riga mun wuce shi a allo.

Ƙofar mota ma labarin ɗaya ne. Yayin da kake zamewa daga kujera, tufafinka da shimfiɗar kujerar suna musayar ilektaron, takalmin roba kuma ya hana cajin sauka ƙasa, sai jikinka ya zama ma'ajiya. Da yatsanka ya kusanci ƙarfe, sai cajin ya keta iskar da ke tsakani. Busasshiyar iska tana jure wajen bolt 3,000 a kowace milimita kafin ta ba da hanya, don haka tartsatsin da ka gani yawanci yana nufin dubban bolt ne a jikinka. Abin da ya sa bai yi maka lahani ba alhali bolt 230 na soket yana kisa shi ne yawan cajin da tsawon lokacin. Jikin mutum ƙaramar ma'ajiya ce, ko da ya kai bolt 10,000 abin da ya tara bai wuce kimanin maikrokulom ɗaya ba, makamashinsa wajen milijul 5 (milijul ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi ne), kuma duk yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Soket kuwa yana da injin da ke ci gaba da turo caji ba tsayawa muddin kana riƙe da wayar. Ilektaron ɗin iri ɗaya ne a duka biyun, amma ɗaya kamar cokalin ruwa ne da aka watso daga saman bene, ɗayan kuma famfo ne da aka bari a buɗe. Idan kana son kauce wa jan, ka riƙe ƙarfen ƙofar tun kafin ka ɗaga daga kujera, ka ci gaba da riƙewa har ƙafarka ta taka ƙasa, cajin zai zirare a hankali ba tare da ka ji ba.

Kada dai ƙanƙantar wannan tartsatsi ta sa ka raina shi, domin tururin fetur yana iya kamawa da makamashin da bai kai milijul ɗaya ba. Mai da kansa yana tara caji yayin da yake gudu cikin tiyo, shi ya sa ƙa'ida ce a haɗa jikin tanka da ƙasa da waya kafin a fara sauke mai, kuma shi ya sa ya fi aminci a ajiye jarka a ƙasa a cika ta maimakon a bar ta a bayan mota. Walƙiya ma wannan abin ne a babban mataki, caji ne ya rabu cikin girgije har ya keta iska. A 1752 aka tabbatar da haka bisa shawarar Franklin, a 1753 kuma aradu ta kashe Georg Richmann a birnin Santa Fitasbog na Rasha yana tsakiyar irin wannan gwaji, saboda haka wannan ɓangaren a littafi kawai ake karanta shi.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma na san zai tare ka a jarrabawa, wato yadda ake cajin ƙarfe ba tare da an taɓa shi da sandar ba. Ka ɗora ƙwallon ƙarfe a kan marikin roba, ka matso da sanda mai nagatif kusa da shi. Ilektaron na ƙarfe suna yawo a sake, don haka za su gudu zuwa gefen nesa. Sai ka taɓa ƙwallon da yatsa, su bi ta jikinka su sauka ƙasa. Ka ɗauke yatsan tukuna, sannan ka janye sandar, sai ƙwallon ya zauna da fositif, kishiyar cajin sandar. Idan ka riga janye sandar yatsanka yana kai, ilektaron za su dawo daga ƙasa ta hanyar da suka bi suka fita, ka tashi a tutar babu, kuma a nan ne maki yake zubewa.

Kana iya ganin duk wannan da idonka ba tare da ɗakin gwaji ba. Ka sami kwalbar gilashi mai murfin roba, ka huda murfin, ka zura wayar tagulla da aka fere, ka lanƙwasa ƙasanta kamar ƙugiya, ka rataya siraran yanka biyu na takardar alminiyam, mafi siririn da za ka iya samu, sannan ka dunƙule wata takardar alminiyam ɗin a saman wayar. Ka shanya kwalbar a rana kafin ka rufe ta domin danshin ciki ya fita. Idan ka matso da biron da ka goga, yankan biyu za su buɗe saboda ilektaron da aka koro ƙasa sun sa su duka sun zama nagatif. Ka taɓa dunƙulen da yatsa biron yana nan, za su rufe. Ka ɗauke yatsa, ka janye biron, za su sake buɗewa, wannan karon da fositif. Idan ka yi bai yi ba, ka faɗa mini watan da ka gwada da irin murfin da ka sa, domin mafi yawan lokuta matsalar daga ɗayan biyun nan take.