Filin Tambaya da Amsa: Angon da ke rikiɗa cikin dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina ɗan taɓa rubutu a waya ina turawa guruf ɗinmu na WhatsApp, yanzu na fara wani labari na ban tsoro amma da barkwanci, yarinya ce ta kamu da son wani saurayi ashe an yi wa kakansu baki, duk ɗan fari namiji a gidan in wata ya kai sha huɗu sai ya rikiɗe ya koma kyarkeci irin na finafinan Turawa. Na kai feji 12 amma ƙawayena sun ce wai abin bai zauna ba, ba sa jin tsoro kuma ba sa dariya. In bar shi ne ko yaya? Daga ƙanwarki a Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Kar ki bar shi, amma wlh ƙawayenki sun faɗa miki gaskiya, kyarkecin nan ne ya ɓata miki miya. Turawa sun ji tsoronsa ne saboda shi ke cinye musu tumaki, har a 1589 an kashe wani manomi Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus kan zargin yana rikiɗa, a Faransa kuma wata dabba mai kama da kyarkeci ta yi ta kashe mutane a yankin Gebodan daga 1764 zuwa 1767. Su abin a jininsu yake. Batun cikar wata da harsashin azurfa da ake cewa shi ke kashe mai rikiɗa ma yawanci finafinai ne suka yayata shi daga baya. To ke wa ya taɓa tsorata ki da kyarkeci kina yarinya? Kura aka ce za ta zo ta ɗauke ki in kin ƙi yin barci.

Ki mayar da shi kura kawai. Ba ke kika fara ba, Barebari suna da kalmar bultungin ta mai rikiɗa kura, a Habasha ana ce musu buda, mu ma nan kowa ya taɓa jin labarin maharbin da ya harbi kura a ƙafa da dare, gari na wayewa aka ga wani dattijo yana ɗingishi. Kuma kura ta zo miki da dariyarta a hannu, ga kwaɗayi ga tsoro, kullum Gizo na yi mata wayo a tatsuniya. Ki duba min, saurayi ɗan gayu ya sha shadda da turare ya zo zance, ana cikin hira sai ƙamshin balangu ya bugo daga bakin titi, yawu ya fara zuba yana gogewa da hankici yana cewa mura ce. Akuyar gidan su yarinyar da ta hango shi sai ta tsinke igiya. Ko ranar gaisuwar surukai a kawo masa tuwo da miyar kuka ya cinye nama ya bi da ƙashin ƙurmus-ƙurmus, kakar yarinyar na leƙe ta labule tana salati.

Wajen tsoro kuma Allah ya ba ki Jos, me za ki je nema a dajin Turai? Ga sanyin Disamba da hazo, ga duwatsun Shere, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari ruwansu shiru ba a ganin ƙasansu, ga tsofaffin gidajen Turawan ma'adinai masu rufin kwano. Ki ajiye gidan kakan a bakin irin wannan kududdufi, a ce kakan ya zalunci wani ma'aikaci a zamanin kuza uwar ma'aikacin ta yi masa baki, kin ga la'anar ta samu tushe ke nan.

Inda labarin zai yi daɗi sosai shi ne wajen bincike kafin aure, baffanni su tafi unguwar su yaron tambayar asali, kowa aka tambaya ya ce ai yaron kirki ne ba ya fashin jam'i, sai dai... sai ya yi shiru ya kalli garken awakinsa.

Abu ɗaya dai zan ja miki kunne a kai, kar ki kuskura ki jingina abin ga wata ƙabila ko unguwa ko sana'a ta gaske. Ni da idona na ga auren da aka fasa ana saura sati biyu, an kai lefe an raba kati, don kawai wata ta ce kakar amarya mayya ce wai ana sha a nono, yarinyar nan ta daɗe ba ta fita ko bikin ƙawaye. A Habasha ma maƙera aka fi liƙa wa buda. Ki ƙirƙiri zuri'arki da sunan da babu shi.

Ki gyara feji biyun farko ki turo min, ina so in ga yadda akuyar nan za ta yi ranar kai amarya.