Wayoyin 404: kar ka sayi na gwanjo

Malam, ka ce wayoyin wutar Peugeot 404 akori-kura ta mahaifinka sun bushe, kana tambaya ko ka nemo na gwanjo a Kano ko a ɗaura maka sababbi. Ni dai na gwanjon ban ba ka shawara ba. Su ma shekarunsu ke nan, kuma ka san ranar Damagaram: robar da ke jikin wayar sai ta ƙandare, ka lanƙwasa ta ka ji ƙas. Na taɓa saye, ko wata biyu ba a yi ba hayaƙi ya taso min daga ƙarƙashin sitiyari a hanyar Mirriya.

Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura sababbi, amma kar a yar da tsofaffin. A shimfiɗa su kan katako, a kafa ƙusoshi, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Peugeot da lamba take gane wayoyinta, ba launi kaɗai ba, to a kwafe lambobin tun ba su goge ba.

Kafin nan duba: abin da ke cajin batir dinamo ne ko an sa altaneta? Fetur ko gazuwal? Haɗin ba ɗaya ba ne.

Wajen sayen wayar ka tafi da reza. Kankare silin, in ciki ya yi fari, sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar musu abinsu. Kaurin waya kuwa (a mm²), ƙananan fitilu 1.5 ta isa, manya 2.5, ta caji kuwa 6. Duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe a sa masa roba.