Za Mu Iya Yi wa Masallacinmu Adon Furanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna sabunta masallacin layinmu a Agege. Magini ya kawo tayil mai zanen ganye da furanni, ya ce a manna har jikin mihrabi. Kan dattawa ya rabu. Ina mafita?
Daga ma'ajin kwamitin masallaci, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya karɓi aikin. Zanen ganye ba laifi ba ne. Ibn Abbas da kansa ya ce wa wani mai zane, in ba makawa ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Sai dai bangon alƙibla ku bar shi fili. Manzon Allah (SAW) ya taɓa yin salla da mayafi mai zane, da ya idar ya ce a kai wa Abu Jahm, sahabin da ya ba shi mayafin, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka karhanta ƙawata alƙibla.

In ado kuke so, ku kai shi sama. A tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, azarar giginya da ƙasa ce aka haɗa aka yi bakan gizo mai riƙe rufin. Ranar da na fara ɗaga kai a cikinsa na daɗe ban sauke ba.

Abin da ya fi damuna kuwa ba ku tambaya ba: iska. Na yi azahar a wani masallaci nan Legas, tayil tun daga ƙasa har rufi, tagogi biyu 'yan ƙanana. Ana raka'a ta biyu aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, muka idar riguna sharkaf, wani tsoho ya kasa zaman tasbihi. Alƙiblarmu tana gabas maso arewa, iskar teku kuma yawanci daga kudu maso yamma take busowa, wato ta bayan sahu. To ku buɗe manyan tagogi a bangon baya, ku bar ƙananan kafofi can saman bangon gaba, zafi ya samu hanyar fita. Bakin rufin ya zarce bango sosai saboda ruwan Yuni da Yuli.

Kuɗin da zai ragu daga tayil ɗin, a gyara magudanar wurin alwala da shi. Furannin kuma a yi wa ƙofar shiga, in akwai ɗan fili a dasa bishiya a tsakar gida don masu sallar Juma'a da ke shimfiɗa a waje.