Amsar murya kan ciyawar ruwa da ƙwayoyin halitta masu son zafi

Assalamu alaikum jama'a. To, ɗan'uwanmu da ya ce yana zuba kainuwa da sauran ciyawar ruwa a tankin gas, wato tankin da ake ruɓar da abubuwa a ciki su fitar da gas, amma gas ɗin bai taka kara ya karya ba, yana tambaya ko ƙwayoyin halittar nan masu son zafi za su taimaka wajen ruɓar da ciyawar. Eh Malam, za su taimaka, amma da sharaɗi.

Ka ga, ciyawar nan fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce zalla. Ɗan abin da ya rage kuma zare ne mai tauri, narkar da shi ne ke cinye lokaci. Ƙwayoyin da muka saba da su, na kashin shanu, sun fi aiki a zafin digiri 35 zuwa 37. Masu son zafi kuwa sai 50 zuwa 55, akwai ma wata, Clostridium thermocellum, da ta fi son wajen 60, ita gwanar cin zaren nan ce. Abin da zai kai wata yana ruɓewa sai ya gama cikin sati biyu zuwa uku. Zafin kuma yana rage ƙwayoyin cuta a takin da zai fito.

Amma fa, ka saurara da kyau, shagwaɓaɓɓu ne. Zafi ya sauka da ɗan digiri biyu ko uku cikin dare, masu haifar da gas ɗin sai su yi sanyi, masu sa tsami su ci gaba da aikinsu. Kafin ka ankara tanki ya yi tsami, wuta ta mutu. In ka cika kashin kaji kuma, ammoniya, sinadarin nan mai warin fitsari da ke fita daga kashin, ta fi yi musu illa a wannan zafin. Sannan ɗumama tankin ma makamashi yake ci, kada ka ƙone gas ɗinka duka wajen ɗumama ruwa.

Ni a ganina, in ba ka da yadda za ka tsare zafi dare da rana, kada ka ɗaga zafin babban tankin. Ka shanya ciyawar ta ɗan yi yaushi, ka daddatsa ta ƙanana, don in ba haka ba tasowa za ta yi sama ta toshe maka. Sai ka sami ƙaramin duro, ka naɗe shi da abin riƙe zafi, ciyawar ta yi 'yan kwanaki a ciki, sannan ka juye a babban tare da kashin shanu. Zafin duron kuma a hankali za ka riƙa ɗaga shi, ƙwayoyin su saba tukuna.