Allon da Ke Ɗauke da Sunan Allah Ba a Yin Sa Bashi

Ɗana, ka ce wani dillali ya same ka da magana: ka buga masa alluna 100 na ƙofar gida, masu "Masha Allah" da "Haza min fadli Rabbi" da Ayatul Kursiyyu, ya zaga da su unguwannin da ake sababbin gine-gine, in ya sayar ya kawo maka kuɗinka. Kana tambaya ko ka karɓa. Kada ka karɓa. Zauna ka ji dalili, don har yau in na tuna abin da aka yi mini raina ɓaci yake.

A 2023 ne, shekarar da aka cire tallafin mai, Naira ta faɗi, fallen kwano da gwangwanin fenti a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kullum da sabon farashi. Maulidi ya matso, sai ga wani mutum ya shigo shago, babbar riga, carbi a hannu, turare na tashi. Ya ce mutanen unguwarsu sun haɗa kai, suna so kowane gida ya kafa allo a ƙofa kafin Takutaha, bikin da Kanawa ke yi mako guda bayan Maulidi, salatin Annabi a sama, sunan unguwa a ƙasa. Da na ambaci kafin alƙalami sai ya shafa gemu ya ce, "Haba Malam, aikin Manzon Allah ne fa, wa zai ci haƙƙinka?" Abin da ya ajiye ko kuɗin fenti bai kai ba.

Na karɓo kwano bashi, mai walda ya haɗa ƙafafu shi ma bashi. Da hannuna na rubuta kowane allo, kore da ruwan zinariya, har dare ina aiki da fitila. Na kai wa Alaramma ya duba mini harafi harafi, daga shadda har ɗauri. Mutumin ya dawo, ya yi ta "Masha Allah", ya ɗauki guda biyu wai zai nuna wa dattawa. Daga nan waya ta daina shiga.

Ranar Takutaha ina hanyar Dutsen Dala na ratsa ta unguwar tasu, sai ga zanena a ƙofar gidaje. Hotonsa aka ɗauka aka kai wa yaron kwamfuta, aka buga a fileks mai araha, ledar nan da ake buga talla a kai, aka kafa da ƙusa a jikin katako. Har ƙawar da na yi wa gefen allon an kwaikwaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, layin Larabcin da yaron ya ƙara a ƙasa ya fito a wargaje: haruffa a rarrabe, ba wanda ya haɗu da ɗan'uwansa, kuma sun taso daga hagu zuwa dama. Haka kwamfuta take yi wa wanda bai san Larabci ba, shi kuwa ko a jikinsa. Mutane suna ta wucewa, ba wanda ya tsaya ya karanta.

Na kai ƙara wajen mai unguwa. Mutumin ya zo ya zauna ya ce shi samfuri kawai ya ce a yi masa, ina takarda, ina shaida? Ka ga dai, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya zo maka da sunan addini yana ƙin a rubuta, to ba addinin ne ya kawo shi ba.

Ga abin da ku yaran yanzu ba ku ganewa. Da allon mai shayi ne ko na kemis, sai in shafe shi da farin fenti in rubuta wa wani, ko in kira 'yan gwangwan su auna su ba ni abin da ya samu. Amma ƙarfen da ke ɗauke da sunan Allah da salatin Annabi, ta ina zan miƙa wa ɗan jari-bola ya tattake shi ya jefa cikin kura? Sayar wa wata unguwa ma ba hali, tunda sunan waccan yana jiki. Takarda ce a ƙona ta ko a binne, kamar yadda Sayyidina Usman ya sa aka ƙona sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi. Ƙarfe kuwa ba ya ƙonuwa. Ɗaya bayan ɗaya na bi su da tina, ruwan narkar da fenti, da samfefa ina kankarewa, ina tara garin fentin a leda, na je na binne a wuri mai tsarki. Rubutun da na yi da hannuna, ni na goge shi da hannuna, ga mai walda yana sallama a ƙofa kowace Juma'a. Sai da na sayar da kwampiresa kafin na fita daga bashin nan.

Shi dillalinka, in kaya ba su tafi ba, zai dawo maka da su sun kwarzane, rana ta cinye launi, ya ce kasuwa ce. Shi ba abin da ya rasa. Kai za a bari da alluna 100 da ba ka iya zubarwa.

Zancen shafa jan fenti don tsatsa da yadda ake ja layi, ba zan ɓata bakina ba, wanda ya share shagona ma ya sani. Abin da nake so ka riƙe: rabin kuɗi a hannu kafin ka taɓa buroshi, a rubuta a sa hannu, ko da limamin unguwarku ne. Samfuri ba ya barin shago sai an biya shi.

Sannan Ayatul Kursiyyu ba ta waje ba ce. Wurinta falo, cikin gilashi. Allon da aka kafa a bakin kwata, damina ta watsa masa taɓo, awaki su goga jiki, yara su jefe shi, ba a sa masa aya komai kuɗin da aka bayar. "Masha Allah la ƙuwwata illa billah" ɗin ma daga Suratul Kahfi take, aya ta 39, "Haza min fadli Rabbi" kuma daga Suratun Namli, aya ta 40. Saboda haka can saman ƙofa ake maƙala su, inda hannu ba ya kai. Kuma ka tambayi mai aiki, Warshu yake so ko Hafsu. Mahaddacin da ya tashi a tsangaya rubutun allonsu yake so ya gani, ɗan Islamiyya kuwa irin na bugun Madina. Ku kuwa sai ku kwaso daga intanet ku manna, ko malami ɗaya ba ku nuna wa, don kuna sauri ku ɗauki hoto ku sa a Facebook.

Ka je ka gaya wa dillalin ya sayi guda 5 kuɗi hannu ya gwada kasuwarsa. In ya ƙi, rabu da shi. Ka bi masu waldar ƙofofi da magina, su ne ke fara sanin wanda ya kusa tarewa a sabon gida. Ka bar musu lambarka, ka riƙa ba su ɗan la'ada a kan kowane aikin da suka turo maka.